A riƙa ƙirga kowane tashin ciwo a gwajin magani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi lafiyar 'ya'yanmu, wanda da wuya a ji an tattauna shi da Hausa. Tun da aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, muke ta jin alƙaluma iri-iri. Wannan ya ce allurar tana rage zazzaɓi da kashi 75 cikin ɗari, wancan ya ce wadda ta riga ta fitowa, wato RTS,S, kashi 36 kawai take ragewa, wani kuma ya ce kashi 56 ne. Ni malamin ilimin ƙididdiga ne, kuma kawu ne ga yaro mai ciwon sikila, saboda haka ta fuska biyu maganar ta shafe ni. Alƙaluman nan uku duk gaskiya ne, sai dai kowannensu tambayarsa daban, kuma bambancin ya samo asali ne tun daga yadda aka tsara gwajin kafin a soka wa yaro ko ɗaya allura.

Akwai abubuwan da sau ɗaya suke samun mutum. Mutuwa ita ce babba a cikinsu, sannan ƙyanda ma da wuya ta kama mutum sau biyu. Domin irin waɗannan ne masana suka ƙirƙiro hanyoyin auna tsawon lokacin da ake ɗauka kafin abu ya auku, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce wadda Baturen Ingila David Cox ya fitar a 1972. Hanya ce mai kyau ƙwarai a inda ta dace. Amma yawancin cututtukan da ke cinye kuɗin magidanci a ƙasar Hausa masu tafiya ne su dawo: zazzaɓin cizon sauro, tashin sikila, farfaɗiya, fuka, gudawar yara, da ciwon zuciya mai kai mutum gadon asibiti yau a sallame shi gobe ya koma bayan wata biyu. Idan aka ɗauki hanyar da aka gina domin abu mai aukuwa sau ɗaya aka ɗora ta a kan waɗannan, to da zarar ciwo ya tashi karon farko an gama da mutumin a lissafi, duk abin da ya same shi bayan nan ba ya shiga.

A ɗauka yara biyu ne maƙwabtan juna, duka suka kwanta zazzaɓi a makon farko na watan Yuli. Na farko ya warke bai sake kwanciya ba har kaka ta wuce. Na biyu ya sake kwanciya a Agusta, ya sake sau biyu a Satumba, jininsa ya yi ƙasa har aka yi masa ƙarin jini. A lissafin tashin farko yaran nan biyu daidai suke, babu wanda ya fi wani shan wahala. Babu uwar da za ta yarda da wannan hukunci, kuma ita ce mai gaskiya.

Da wannan za a fahimci alƙaluman da na ambata. An gwada RTS,S a kan yara 15,459 a cibiyoyi 11 na ƙasashen Afirka bakwai, ciki har da Ghana da Burkina Faso, daga 2009 zuwa 2014. Kashi 56 ɗin da aka sanar a 2011 na zazzaɓin farko ne cikin wata 12 bayan allura, a yara 'yan wata 5 zuwa 17. Kashi 36 da aka sanar a 2015 kuwa na dukkan zazzaɓin da yaran suka yi ne cikin kusan shekara huɗu, ga waɗanda suka sami allura ta huɗu. Shi kuma kashi 75 na R21 na zazzaɓin farko ne cikin wata 12, a wuraren da cutar ke bin damina kuma aka yi allurar dab da faɗuwar ruwa. A sauran wuraren kashi 68 aka samu. Duk wanda ya jera 75 kusa da 36 ya ce wannan ta ninka waccan, ya auna hatsin wani da tiya ne, na wani kuma da buhu. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta bayyana cewa ba a gwada alluran biyu kafaɗa da kafaɗa ba, kuma babu hujjar cewa ɗaya ta fi ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina a rahoton 2015 shi ne wani adadi da ba a cika ambata ba: a cikin kowane yara dubu da suka sami allura huɗu, an kauce wa kwanciyar zazzaɓi 1,774, a inda sauro ya fi yawa ma adadin ya haura dubu shida. Kwanciyar da aka hana ta fi yawan yaran kansu. Wanda ya tsaya a tashin farko ba zai taɓa ganin wannan amfani ba, domin a lissafinsa yaro ɗaya ba ya wuce ɗaya.

Tsayawa a tashin farko yana da wata illa da ba ta fito fili ba. Yara ba ɗaya suke ba wajen kamuwa. Wanda gidansu ke bakin fadama ya fi wanda ke kan tudu shan cizo. A rukunin da ba a yi wa allurar ba, masu saurin kamuwa su ne ke fara faɗuwa su fita daga lissafi, sai a bar masu ƙarancin haɗari. A rukunin da aka yi wa kuwa masu saurin kamuwar suna daɗewa a ciki saboda kariyar da suka samu. Bayan 'yan watanni sai rukunan biyu su daina kama da juna, duk da cewa ƙuri'a ce ta raba su tun farko, kuma sai a ga kamar ƙarfin allurar ya ragu fiye da yadda ya ragu a haƙiƙa.

Mai karatu zai iya cewa, to ai abin mai sauƙi ne, a tara duk tashin ciwon a raba da yawan mutane. Nan ne inda masu tsara gwaji da dama suka yi tuntuɓe, kuma nan nake so in ɗan daɗe. Hanya mafi sauƙi ta lissafin abu mai maimaituwa ita ce wadda ake jinginawa ga masanin Faransa Poisson, kuma tana tafiya ne a kan zaton cewa kowa haɗarinsa ɗaya, sannan aukuwar yau ba ruwanta da ta jiya. Tun a 1920 wasu masana biyu na Ingila, Greenwood da Yule, suka nuna cewa wannan zato ba ya zama daidai a kan 'yan Adam. Sun duba bayanan mata 647 masu aiki a masana'antar harsashi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsawon mako biyar. Mata 447 ba su ji rauni ko sau ɗaya ba, alhali lissafin Poisson ya yi hasashen kimanin 406. Mata 26 kuwa sun ji rauni sau uku ko fiye, inda lissafin ya yi hasashen kimanin takwas. Ma'ana, raunin ya taru ne a kan wasu tsiraru. Daga nan suka kawo tsarin da ke barin kowane mutum da nasa haɗarin, wanda masana ke kira nagetif bainomiyal, kuma shi aka yi amfani da shi wajen ƙirga dukkan zazzaɓi a gwajin RTS,S bayan kusan shekara ɗari. Duk wanda ya zauna da masu sikila ya san wannan ba sai an kawo masa lissafi ba: akwai wanda zai shekara biyu ciwon bai tashi ba, akwai wanda kowane sanyi da kowace damina sai an kwana da shi a asibiti.

Wannan bambanci tsakanin mutane shi ke yanke yawan waɗanda za a ɗauka a gwaji, kuma ga misali na lissafi da kowane ɗalibi zai iya bi da kansa. A ɗauka ciwo yana tashi sau biyu a shekara ga wanda bai sha magani ba, ana kuma sa ran maganin zai rage shi da kashi 30 cikin ɗari, ana son gwajin ya kasance da damar kashi 80 ta gano wannan ragi idan da gaske akwai shi. Idan aka bi zaton Poisson, mutum 75 a kowane rukuni sun isa a bibiye su shekara guda. Idan aka yarda cewa mutane sun bambanta, aka sa ma'aunin bambancin a kan ɗaya, sai adadin ya tashi zuwa kusan 200 a kowane rukuni. Wanda ya fara gwajinsa da 75 zai kashe kuɗi, ya ɗebi jinin bayin Allah shekara guda, sannan ya fito ya ce maganin bai nuna amfani ba, alhali gwajin ne ba shi da ƙarfin gani. Akwai kuma wani abu da ke ba ɗalibaina mamaki duk shekara. Idan aka ce a tsawaita bibiya zuwa shekara biyu domin a rage yawan mutane, adadin yana sauka ne zuwa kimanin 160 kawai, kuma ko shekara nawa za a ƙara ba zai sauka ƙasa da kimanin 124 ba. Dalili shi ne, daɗewa da mutum ɗaya yana ƙara maka sanin wannan mutumin ne, ba ya ƙara maka sanin yadda sauran jama'a suka bambanta da shi. Da yake ma'aunin bambancin ba a cika saninsa da kyau kafin a fara ba, masana sun fitar da hanyar sake duba shi a tsakiyar gwaji ba tare da an buɗe wa kowa wanda ke shan magani da wanda ke shan ƙwayar da babu magani a cikinta ba, sai a ƙara mutane idan da buƙata. Ina ganin ya kamata wannan ya zama al'ada a wurinmu, domin adadin da aka aro daga marasa lafiyar Amurka ko Turai ba lallai ya dace da na Kano ko Maraɗi ba.

Akwai wasu hanyoyin da suka faɗaɗa tsarin Cox domin ya ɗauki tashi fiye da ɗaya. Wadda Andersen da Gill suka fitar a 1982 tana mayar da mutum cikin lissafi bayan kowane tashi, kuma idan aka haɗa ta da gyaran da ke la'akari da cewa tashi biyar na mutum ɗaya ba daidai yake da tashi ɗaya na mutum biyar ba, tana ba da amsa mai kusanci da ta nagetif bainomiyal. Wadda Prentice da Williams da Peterson suka kawo a 1981 tana duba tashi na biyu a tsakanin waɗanda suka yi na farko, na uku a tsakanin waɗanda suka yi na biyu. Tana da amfani wajen fahimtar halin cuta, amma ba na ba da shawarar a gina hukuncin gwaji a kanta, domin waɗanda suka kai tashi na biyu ba ƙuri'a ce ta zaɓe su ba, ciwon ne ya zaɓe su.

Kafin duk wannan lissafi ma akwai tambayar da ta fi shi muhimmanci: mene ne tashi ɗaya? Yaron da zazzaɓinsa ya sauka ran Litinin ya dawo ran Juma'a, sabon kamuwa ne ko tsohon ne bai warke ba? A gwajin RTS,S an ce sai zafin jiki ya kai 37.5 kuma ƙwayoyin cutar sun haura 5,000 a cikin ɗan ma'aunin jini, sannan an cire kwana 14 bayan kowace kwanciya daga lissafi. A sikila abin ya fi wuya, domin babu na'urar da ke auna raɗaɗi. Yawancin gwaje-gwaje suna ƙirga tashin da ya kai mara lafiya asibiti ne. A ƙasashen da ke da inshorar lafiya wannan na iya zama kusa da gaskiya. A wurinmu kuwa na ga dare da yawa da ɗan ƙanwata ya kwana yana murƙususu a gida, ana gasa masa gaɓoɓi da ruwan ɗumi ana ba shi abin da aka samo a kyamis, saboda wata ya yi nisa kuma asibiti ba kusa ba. Wannan dare ba zai shiga littafin kowane gwaji ba. Idan ba a yi hattara ba, abin da za a auna shi ne ƙarfin aljihun iyaye da kyan hanyar mota, a kira shi tashin ciwo. Gwajin da za a yi a nan dole ya tanadi kuɗin mota da magani kyauta ga kowane rukuni, ya kuma sami hanyar rubuta abin da ya faru a gida, ko ta kiran waya ko ta ma'aikacin lafiya mai zagayawa. Haka nan tsawon bibiya ya kamata ya cika shekara ga kowa, domin wanda aka bibiya daga Yuni zuwa Oktoba da wanda aka bibiya daga Janairu zuwa Mayu ba duniya ɗaya suka zauna ba.

Tarihin magungunan sikila ya ishe mu darasi. Gwajin da ya tabbatar da amfanin haidroksiyuriya a 1995, a kan manya 299 a Amurka da Kanada, an gina shi ne a kan yawan tashi a shekara. Idan aka jera marasa lafiyar daga mai ƙarancin tashi zuwa mai yawansa, na tsakiyar layi a rukunin magani yana da tashi 2.5 a shekara, na ɗaya rukunin kuma 4.5. Shekara talatin ke nan wannan sakamako yana tsaye. Maganin Adakveo kuwa an amince da shi a Amurka a 2019 bisa gwajin mutum 198, wanda ya nuna tashi 1.63 a shekara idan aka kwatanta da 2.98 na waɗanda ba a ba su maganin ba, amma 129 ne kawai suka kai ƙarshen gwajin. Da aka sake wani gwajin ba a ga bambanci ba, kuma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023. Mutanen da ke ficewa daga gwaji ba haka kawai suke ficewa ba. Sau da yawa wanda ciwo ya fi damu shi ke gajiya ya tafi, ya tafi da tashin da ya kamata a ƙirga. Shi kuma Oxbryta an amince da shi ne saboda yana ƙara yawan jini a awon ɗakin gwaji, sai ga shi a watan Satumba na 2024 kamfanin da ke yin sa ya janye shi daga kasuwannin duniya bayan bayanai sun nuna damuwa game da tashin ciwo da mace-mace. A gida kuma muna da abin alfahari: gwajin da likitocinmu suka yi a arewacin Najeriya a kan yara 220 masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wanda aka wallafa a 2022, ya kwatanta haidroksiyuriya miligiram 10 da miligiram 20 a kowane kilo na nauyin yaro. Ta fuskar shanyewar jiki ba a ga bambanci ba, amma da aka ƙirga yawan kwanciya a asibiti sai aka ga masu shan 20 sun fi samun sauƙi. Da ba a ƙirga abin da ke maimaituwa ba, da wannan sani ya wuce mu.

Saura maganar mutuwa, wadda ba ta da daɗin faɗi amma ba ta tsallakuwa. Wanda ya rasu ciwonsa ba ya sake tashi. Saboda haka maganin da ke gaggauta mutuwar masu tsananin ciwo zai iya fitowa a lissafi kamar yana rage kwanciya a asibiti. Masu binciken ciwon zuciya sun daɗe da gane wannan, shi ya sa wasu gwaje-gwajensu ke haɗa dukkan kwanciya da mutuwa a ma'auni guda, wasu kuma ke lissafa biyun tare ta yadda ɗaya ba zai ɓoye ɗaya ba. A yankin da yara masu sikila da yawa ba sa kai shekara biyar, kuma Najeriya kaɗai ana haifar kimanin 150,000 daga cikinsu duk shekara, duk takardar tsara gwaji da ba ta faɗi yadda za ta yi da mutuwa ba takarda ce da ba ta cika ba.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Zaɓen hanyar lissafi bayan an ga sakamako ƙofa ce ta yaudarar kai, domin idan mutum ya gwada hanya biyar da wuya ya rasa ɗaya da za ta faɗa masa abin da yake so ya ji. Ƙa'idar da hukumomin kula da magunguna na duniya suka amince da ita a 2019 ta ce a fara rubuta ainihin tambayar da ake son amsawa, da yadda za a yi da wanda ya daina shan magani ko ya koma wani ko ya rasu, sannan a zaɓi lissafin da ya dace da ita. Ina kira ga hukumar NAFDAC da kwamitocin ɗa'ar bincike na asibitocin koyarwa da su riƙa neman ganin waɗannan a rubuce kafin su sa hannu, su kuma tabbatar akwai masanin ƙididdiga a cikin tawagar tun ranar farko. Jami'o'inmu ma ya kamata su ba wannan fanni wuri a kwasa-kwasan lafiyar al'umma, domin bayanan da aka tattara daga jikin 'ya'yanmu ya dace a sami 'yan gida masu iya tantance su.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, roƙona gare ku ɗan ƙarami ne. Duk lokacin da aka miƙo muku adadi aka ce magani ko allura ta rage ciwo da kashi kaza, ku tambayi mai maganar ko tashin farko yake nufi ko dukkan tashi, cikin wata nawa, a wane yanayi na shekara, kuma mutum nawa ne suka fara gwajin suka kai ƙarshensa. Ku buga amsar tare da adadin, domin uwar da ke tunanin ko za ta koma da ɗanta a yi masa allura ta huɗu ta san abin da za ta samu idan ta koma.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku,
Malamin ilimin ƙididdiga,
daga Zariya.